Majalisa: Tarihin Hirar Hausawa Kan Sabbin Abubuwan Zamani

Majalisa, a bakin mutanen birane da ƙauyukan ƙasar Hausa, ita ce wurin da wasu maza da suka san juna suka saba haɗuwa kullum domin hira. Takan kasance dakalin ƙofar gida bayan la'asar, ko gindin darbejiya a bakin titi, ko bencin mai shayi bayan an fito sallar asuba, ko rumfar tela a kasuwa. Ba ta da rajista, ba a zaɓen shugabanta, amma kowa ya san mazauninsa, an kuma san wanda in ya buɗe baki ake yin tsit. A Jamhuriyar Nijar matasa suna kiran irin wannan zama fada, sunan da suka aro daga fadar sarki. Siyasa da tsadar hatsi da zancen aure su ne abincin majalisa na yau da gobe. Sai dai tun farkon ƙarni na 20 ta ɗauki wani aikin da ba a cika lura da shi ba: duk wata na'ura, ko binciken kimiyya, ko salon nishaɗi da ya shigo ƙasar, sai an gurfanar da shi a gabanta, an raɗa masa suna, an auna halaccinsa, an tona illarsa, kafin ya samu wurin zama a cikin gidaje.

Kafin zuwan Turawa, labarin nesa a ƙafa yake tafiya. Fataken da ke zuwa Gwanja sarin goro, da ayarin da ke ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, da alhazan da ke bi ta Chadi da Sudan su shekara da shekaru kafin su komo, su ne ke kawo bayanin abubuwan da ke wasu ƙasashe. A zaure ake sauke baƙo, a zaure ake jin abin da ya gani, daga nan zancen ya bazu kasuwa. Mata kuwa hanyarsu daban ce. Dillaliya mai shiga gida-gida, da 'yan talla, da taron suna da na biki, su ne ke kai labari cikin gida, kuma wannan rabuwa tsakanin hirar maza a waje da ta mata a ciki ta daɗe tana tasiri a kan yadda kowane ɓangare ke karɓar sabon abu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Jiragen saman sojan Ingila sun sauka a birnin a watan Nuwamba na 1925, bayan sun taso daga Masar, a 1931 kuma aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Hukumar En'e ta Kano. Abin da jama'a suka fara yi wa waɗannan baƙin shi ne suna. Kalmar jirgi a da ta kwalekwalen fito ce, sai aka shimfiɗa ta a kan dogo, aka kuma ɗaga ta sama. Zaren ƙarfen da Turawa suka ja a kan turaku ya zama waya, saƙon da ke bi ta cikinsa ya zama tangaraho. Tambayar da ke biyo bayan suna ita ce wanda ya kawo abin, kuma da yake Nasara ne suka kawo, waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi shekaru kaɗan da suka wuce, zato ya riga gwaji. Sarakuna ne suka riƙa karya wannan ƙyamar ta hanyar fara amfani da abin a idon talakawa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya je Makka da Ingila a 1921, ya yi suna wajen rungumar mota da sauran kayan zamani, abin da sarki ya hau kuwa da wuya a ci gaba da ce masa haramun a fili.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Daga cikin dalilan kafa ta akwai kashe ji-ta-ji-tar da ta cika gari gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Masu karatun boko a lokacin ba su da yawa, saboda haka kwafi ɗaya yakan wadaci majalisa guda: malamin makaranta ko akawu ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, sa'an nan a shiga musu. Shafin wasiƙu na jaridar yana cikin wurare na farko da ra'ayin mutumin da ba sarki ba, ba kuma alƙali ba, ya fito a buge har mutanen wani lardi suka karanta.

Nishaɗin zamani ta ƙofa biyu ya shigo, kuma hukuncin da aka yi wa kowacce ya bambanta. Ƙofa ta farko ita ce majigi, motar gwamnati mai yawo gari-gari tana haska hotuna a bango ko a farin ƙyalle, galibi a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi. Abin da take nunawa tsafta ne, da noman gyaɗa da auduga, da rangadin manya. Kyauta ne, da izinin sarki ake yi, yara da manya har da mata sukan fito, don haka ba ta sha suka sosai ba, ko da yake wasu sun laƙaba wa hoton mai motsi sunan dodon bango. Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi, wanda 'yan kasuwa Kwarori suka fi riƙewa. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, yankin baƙi da mashaya, kuma wurin da aka gina shi ya isa ya ɓata masa suna. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El-Duniya ta Kano, mutum 331 suka rasu. Bayanin hukuma na musabbabin wutar bai yi nisa a majalisu ba. Abin da ya zauna a bakin mutane da yawa shi ne azaba ce ta sauka a kan masu saɓo, kuma tabon ya bi gidan silima shekaru da dama, har ya zama ɗan mutunci ba ya so a gan shi a layin tikiti, mace kuwa in ta shiga ta zubar da ƙimarta. Duk da haka gidajen ba su daina cika ba, musamman da finafinan Indiya suka fara shigowa a shekarun 1950. Wannan hali na baki yana suka ƙafa tana zuwa ya maimaita kansa a kusan kowane sabon abu da ya biyo baya.

Babu na'urar da ta shiga jinin majalisa kamar rediyo. A Kano ta fara ne a 1944 da tsarin da ake jan waya daga tasha zuwa akwatunan masu biyan kuɗi da kuma lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a. Ke nan tun ranar farko a taro aka saurari rediyo, da an gama labarai kuma sharhi ya fara a nan take. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti 15 wanda Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma sai a 2007. Ƙaramar rediyo mai batir, wadda ta yi araha tun daga shekarun 1960, ita ta fitar da sauraro daga birni. Manomi ya rataye ta a reshe, makiyayi ya saɓa ta a kafaɗa, mai gadi ya kwana da ita a kunne. Cewa BBC ta faɗa ya zama hujjar da ke rufe gardama, mutumin da bai taɓa shiga aji ba kuma yakan iya jero sunayen shugabannin ƙasashen da bai san inda suke a taswira ba.

A Nijar an mayar da wannan al'ada tsari. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri tare, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a mayar tasha a watsa. Bayan an ba da damar kafa tashoshi masu zaman kansu a shekarun 1990, irin su Anfani, fadojin matasa suka yawaita a Damagaram da Maraɗi da Yamai, kowacce da sunanta a rubuce a bango, da butar shayinta, da gaisuwar da take aikawa ta rediyo. A Najeriya ma shirin Zaɓi Sonka na Kaduna ya haifar da ƙungiyoyin masu sauraro da suka san juna ta hanyar katin gaisuwa kafin su taɓa haɗuwa ido da ido.

Kimiyya ta shirye-shiryen amsa wasiƙu ta fi isa ga talaka. A shirin Amsoshin Takardunku mai sauraro yakan aiko da tambaya kan girgizar ƙasa, ko nisan rana, ko tarihin wata ƙasa, a nemo masani ya amsa, washegari kuma amsar ta zama abin musu a bencin mai shayi. Masu fassarar labarai su ne suka sha wahalar ƙera kalmomi: tauraron ɗan Adam, kumbo, makamin ƙare-dangi, na'ura mai ƙwaƙwalwa, daga baya yanar gizo da jirgi maras matuƙi. Amma tantancewar ƙarshe a hannun masu hira take. Makamin ƙare-dangi da tauraron ɗan Adam sun zauna daram, domin suna zana abin a ido. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi wa harshe nauyi, sai kwamfuta ta kore ta daga hira ta bar ta a bakin masu karanta labarai. Wayar tafi-da-gidanka ma haka ta ƙare, aka koma cewa salula, daga bisani waya kawai.

Saukar 'yan sama jannatin Amurka a kan wata a watan Yuli na 1969 ta raba majalisu biyu. Wasu sun gaskata domin rediyo ta faɗa, wasu suka ce ƙanzon kurege ne, wata da ake duba don azumi da salla ba wurin da ɗan Adam zai taka ba ne. A shekarar ne kuma wata annobar ciwon ido mai sa ja da ƙaiƙayi ta ɓulla a Ghana ta bazu Afirka ta Yamma. Jama'a suka haɗa biyun, aka ce ƙurar da kumbon ya tayar ce ta zubo, aka sa wa ciwon sunan kumbon. Likitoci sun tabbatar ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa ta hannu da ƙyalle, bayanin ƙurar wata ya mutu, sunan kuwa ya rayu: har gobe Bahaushe Afolo yake ce wa ciwon. Husufi ma ya daɗe yana jawo irin wannan fassara. A watan Janairu na 2001 husufin wata ya haddasa tarzoma a Maiduguri, inda matasa suka far wa otal-otal da mashaya bisa zargin zunubin masu zuwa can ne ya jawo shi. Da husufin rana na 29 ga Maris, 2006 ya gabato, wanda ya ratsa Ghana da Najeriya da Nijar da Chadi, tashoshi sun yi ta sanar da ranar da lokacin tun da wuri, malamai suka yi bayanin sallar da ake yi, aka kuma gargaɗi mutane kada su kalli ranar da ido tsirara.

Talabijin ta daɗe tana hannun masu hali, don haka ita ma a taro aka san ta, yaran unguwa cike da tsakar gidan mai akwati suna kallon Samanja, wasan Usman Baba Pategi. Finafinan Indiya kuwa sun zama na gida har 'yan kallo suka raɗa wa taurarinsu sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin suka zuba musu begen Annabi. A kan wannan turba finafinan Hausa na kaset suka taso. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kafin shekara goma kuma kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar rarraba su zuwa Nijar da Kamaru da Ghana. Bidiyo ya yi abin da silima ta kasa, ya kai fim har ɗakin matan aure, kuma daga nan ne muhawarar ta yi zafi, domin yanzu maganar tarbiyyar gida ake yi. Rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa su ne suka fi shan suka, ana cewa kwaikwayon Indiya ne ba al'adar Bahaushe ba, masu shirya finafinan kuma suna amsawa cewa fim ɗin da babu waƙa kwantai yake yi a kasuwa. Duka ɓangarorin gaskiya suka faɗa, kuma sau da yawa mai sukar shi ne mai sayen. Mujallar Tauraruwa da mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun buɗe shafukan wasiƙu inda masu kallo, mata da yawa a cikinsu, ke yabo da zagi da sunansu da garinsu. A shafukan Tauraruwa ne sunan Kannywood ya fara bayyana.

Ra'ayin majalisa a wannan fage bai tsaya a fatar baki ba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya yaɗu daga waya zuwa waya, hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na watanni. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar finafinai a Ƙofa, cikin jihar Kano, da kuɗi kimanin naira biliyan 3, amma huɗubobin Juma'a da kiraye-kirayen rediyo da rubuce-rubucen Facebook suka taso mata, cikin 'yan kwanaki aka janye shirin.

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, bayan gwanjon lasisi da aka yi a Janairun shekarar. Da farko layi kaɗai yakan ci dubban nairori masu yawa, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, har sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Masu lema da tebur suka cika bakin titi suna sayar da kira, filashin ya zama hanyar gaisuwar marar kuɗi. Tsoro bai yi jinkirin biyowa ba. A 2004 aka yi ta yaɗa cewa akwai lambar da in mutum ya amsa kiranta zai faɗi ya mutu, zancen ya sake dawowa a 2011 har hukumar sadarwa ta fito ta ƙaryata. Babban abin da waya ta canza shi ne alaƙar mai sauraro da tasha. Da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, sauran tashoshi masu zaman kansu suka biyo, wasiƙar da kan yi makonni a hanya ta koma kiran minti biyu kai tsaye. Shirin Ra'ayi Riga na BBC ya ɗauki sunansa daga karin maganar da majalisa ta daɗe tana kashe musu da ita.

A fannin lafiya ne hukuncin majalisa ya fi tsada, kuma a nan ne ya fi kamata a duba tushensa kafin a yi masa dariya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa, shari'ar da gwamnatin Kano ta shigar kuma ba ta ƙare ba sai da sulhun 2009. Da aka ce a 2003 allurar shan inna tana hana haihuwa, zancen ya faɗa a ƙasar da aka riga aka share masa. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya juya ra'ayi daga baya shi ne shigar sarakuna da malamai, waɗanda suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, dabarar da ta yi aiki tun zamanin mota, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020. Ji-ta-ji-tar ruwan gishiri ta 2014 ba ta da irin wannan uzuri. Cikin dare ɗaya na watan Agusta saƙo ya zaga wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga Ebola, 'yan'uwa suka riƙa tashin juna da kira kafin asuba, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Saurin waya ya riga zaman majalisar safe, inda wataƙila da an samu mai ja da maganar.

Shigowar Facebook da WhatsApp da TikTok ta rushe katangar da ta raba hirar maza da ta mata tun zamanin zaure. Saƙon murya ya yi daidai da mutanen da suka fi sakewa da magana a kan rubutu, matar da ke cikin kulle kuma tana iya faɗin ra'ayinta kan shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko kan Labarina da Izzar So, dubban mutane su ji. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, masu tura finafinai a waya suka gaje ta, tare da finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa. Majalisar dakali ba ta watse ba, ta dai ƙaru da rassa: gidan kallon ƙwallo, inda magoya bayan Arsenal da Manchester United da Real Madrid ke kwana musu, da shagon mai cajin waya, da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda ake yanke wa kowace sabuwar waya hukunci a kan ƙarfin batir da kyan hoto tun kafin tallarta ta iso. A 2020 an zargi turakun sadarwa na 5G da yaɗa korona, zargin ya bi sahun lambar kisa ya shuɗe.

Abin da ke gaban majalisa a 'yan shekarun nan shi ne manhajojin da ke rubutu da zana hoto da kwaikwayon muryar mutum, kuma tambayoyin da ake yi musu su ne waɗanda aka yi wa majigi da rediyo: wa ya ƙera su, me yake nema, ya halatta a yi amfani da su, me za su yi wa yara. Ɗalibai sun riga sun fara rubuta aikin makaranta da su tun ba a gama musun ba. Gidajen rediyo sun raɗa wa fasahar suna ƙirƙirarriyar basira, a bencin mai shayi kuwa har yanzu haruffan nan biyu na Turanci aka fi ji.